Kafin Ka Sayi Katin Girafik, Buɗe Murfin Injinka

Yawancin kwamfutocin da ku ƙannena kuke buga gem a kansu ba don gem aka ƙera su ba. Injinan ofis ne, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, waɗanda suka gama bauta wa bankuna da makarantu da asibitocin Amurka da Turai, aka sallame su, aka danƙara a kwantena. Daga Legas suka bi ta Ikeja, suka iso shagunan titin Beirut a Kano ko Banex a Abuja, kai kuma ka tara 'yan kuɗinka ka ɗauko ɗaya. Ba kushe su nake yi ba, injina ne masu ƙwari da jure wahala. Sai dai wanda ya tsara su lissafi da rubutun wasiƙa ya sa a gaba, don haka komai na cikinsu an auna shi daidai wannan aikin: wutar da za su sha, faɗin akwatin, har iskar da za ta ratsa ciki. Ranar da ka ƙudurta cusa wa irin wannan inji katin girafik, ka ɗora masa nauyin da ba a yi lissafi da shi ba.

Shi ya sa idan ɗayanku ya tare ni da cewa, "Yaya, wane kati ne ya fi kyau a kuɗi kaza?" ba na ba shi sunan kati. Cewa nake ya koma gida ya buɗe murfin injinsa, ya karanto mini abin da aka rubuta a jikin fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa injin wuta, ya gaya mini sunan furosesarsa da gem ɗin da yake son bugawa. Wasu sukan ga kamar ja musu rai nake yi. Alhali injin da ke ɗakinka shi zai zaɓi katin, kai naka biyan kuɗi ne kawai. Wanda ya fara da zaɓen kati a YouTube, sannan ya dawo yana lallashin inji ya karɓa, yawanci sau biyu yake sayayya.

Kafin ma a kai nan, ka tabbatar katin ne matsalar. Kunna gem ɗin da ke ba ka wahala, ka sa MSI Afterburner, manhaja ce kyauta da ke rubuta maka alƙaluma a kusurwar sikirin kana tsaka da wasa. Ka zuba ido ka ga wa ya fi shan wuya tsakanin kati da furosesa. In katin ya kai kashi 98 ko 99 cikin 100 ita kuwa tana hutawa, ka kama mai laifi, sabon kati zai yi maka rana. In kuma furosesa ce ta ƙure, katin yana lilo a 50 ko 60, ko wanda ya fi kowanne tsada ka sayo zaman jiranta zai yi. Ita ce ke lissafa inda kowane ɗan wasa yake a fili, da inda ƙwallo za ta faɗi, da abin da motocin titi za su yi. Kati aikinsa zana abin da aka miƙo masa, ba ya zana abin da bai iso ba.

Wani lokacin ma duk ba su ba ne. Injinan nan sukan zo da RAM giga 4, ko giga 8 a sanda ɗaya, da tsohon faifan ajiya mai juyawa. Idan gem yana tafiya sumul, sai ka karya kwana da gudu a GTA V ya tsaya cak, titi ya ɓace, gine-gine su riƙa fitowa a makare, fara tuhumar waɗannan biyun. Sanda biyu masu girma ɗaya sun fi babba guda ɗaya, domin hanya biyu bayanai za su riƙa bi. Faifan SSD kuwa, ko ƙarami ne, sai ka rantse an canja maka inji. Su biyun a haɗe galibi ba su kai kuɗin kati ba. Wanda kuma injinsa ba shi da kati sam, da ɗan girafik ɗin cikin furosesa yake lallaɓawa, Intel HD 2500 na i5-3470 ko HD 4600 na i5-4570, kusan kowane katin kirki zai fitar da shi kunya. Abin da ya rage masa shi ne sanin wanda injin zai iya ciyarwa.

Ramin da ake soka kati a jikin bod, wanda ake kira PCIe, iyakar abin da yake bayarwa wat 75 ne. Katin da cinsa ya wuce haka sai an jawo masa waya ta musamman daga fawa-fak: mai baki 6 tana ƙara wat 75, mai baki 8 tana ƙara 150. To duba abin da ke cikin naka injin. OptiPlex 7010 siriri, wanda ake kwantarwa a ɗora monita a kansa, fawa-fak ɗinsa wat 240 ne, babbansa mai tsayuwa 275. Na 9020 siriri 255, babba 290. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya zo da waccan waya ta kati. Ka ce to sai in canja fawa-fak ɗin mana. A babban 7010 abu ne mai sauƙi, domin soket ɗinsa mai baki 24 ne irin na kowa. A 9020 kuwa Dell ta yi nata soket mai baki 8, HP ma tana da nata salon, sai ka nemo wata wayar haɗi kafin fawa-fak na kasuwa ya yi aiki. A siraran ko ka samu ba inda za ka zaunar da shi, sai dai ka bar shi a waje yana reto, hanjin inji a fili.

Za a nuna maka wata 'yar waya mai arha, wadda ke ɗebo wuta daga soket ɗin faifan ajiya, wato SATA, ta mayar da shi baki 6 ko 8. Kada ka yarda. Soket ɗin nan wat 54 aka yi shi ya ɗauka, kai kuma kana shirin jan 75 ko 150 ta cikinsa, sa'o'i a jere, a ɗakin da fanka ke kaɗa iska mai zafi. Ranar farko lafiya lau, satin farko ma haka. Robar ce take dahuwa a hankali, wata rana ka ji ƙauri. In an yi sa'a wayar ce kaɗai ta narke.

Haka kuma kada lambar da aka buga ɓaro-ɓaro a jikin sabon fawa-fak ta ruɗe ka. Akwai masu ɗauke da 650W waɗanda in ka ɗaga sai ka ji su sakayau. Nemi ɗan jadawalin da ke gefe, ka duba layin da aka rubuta +12V, domin daga nan kati da furosesa suke sha. Lambar da ke ƙarƙashinsa ka ninka ta sau 12. In ka ga 18A, wat 216 ke nan, ko me aka rubuta da manyan baƙi a sama. Na gaske mai wat 450 zai nuna maka wajen 35A ko fiye. Wannan ne kaɗai abin da ba na yarda a yi masa ƙwauron kuɗi, domin kati in ya mutu shi kaɗai yake tafiya, fawa-fak kuwa yakan ja bod da faifai da katin su tafi tare. Sannan ka leƙa bayan injin: wasu tsofaffin da suka fito daga Amurka suna da ɗan jan makunni mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. In yana kan 115 ka jona, ƙara ɗaya za ka ji.

Bayan wuta sai wuri. Siririn inji gajeren kati kawai yake ɗauka, wanda masu shago ke ce wa lo-furofayil, kuma dole ya zo da gajeren ƙarfen ɗaurewa. Karɓe shi nan take, don nemansa daga baya wahala ce. A wasu samfuran ramin katin yana manne da fawa-fak, mai kauri ba zai zauna ba. A manyan ma kejin faifai yakan tokare dogon kati. Sa tef ka auna, ka tafi da awon kasuwa.

Akwai kuma wutar gida, wadda masu sharhin kati a ƙasashen waje ba su cika damuwa da ita ba. RX 580 yana shan wat 185. RX 6600 yana shan 132, kuma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. GTX 1650 wat 75 ya ishe shi. Ga wanda ke buga gem da dare a kan batirin sola, ko yake auna fetur a ƙaramin janareta, ƙarin wat 100 yana nufin wasa zai tashi da wuri, ko a kashe fankar ɗakin Umma. Kuma duk wutar da kati ya sha zafi take komawa, a cikin akwatin da fanka ɗaya gare shi, a watan Afrilu da zafin gari ke haura digiri 40. Katin da ya ji wuta da kansa yake rage gudu don ya tsira, sai ka ga ka biya kuɗin ƙarfin da ba ka mora.

A kasuwa, abin da za a fara jefa maka shi ne giga. "Wannan fa giga 4 ne, yallaɓai." Giga wurin ajiye kaya ne, ba ƙarfi ba; ka ɗora bodin tirela a kan injin Adaidaita-sahu, wurin zuba kaya ya samu, ja ne babu. GT 730 mai giga 4 ba ya ko kusa da GTX 750 Ti mai giga 2, wanda ya fito tun 2014. GT 710 kuwa don a samu inda za a jona monita aka yi shi, wani sa'in girafik ɗin cikin furosesarka ma ya fi shi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne suna ɗaya a kan kaya biyu, kuma wannan daga masu ƙerawa yake, ba daga masu shago ba. GT 1030 ya fito a 2017 da ma'ajiya GDDR5 mai gudun giga 48 a sakan. A 2018 aka fito da wani, sunan bai canja ba, amma da DDR4 mai gudun da bai kai giga 17 ba. A gem da yawa kusan rabin aikin na farko yake yi. GTX 1060 mai giga 3 ba giga kawai aka rage masa ba, ƙwayoyin lissafinsa 1152 ne, na mai giga 6 kuwa 1280. Wanda za ka yi ta cin karo da shi a shafukan sayayya na intanet shi ne RX 580 2048SP, wanda aka yi wa kasuwar Sin a 2018. RX 580 na asali ƙwayoyi 2304 gare shi, wannan 2048, daidai da na RX 570. Ba mugun kati ba ne, in a kuɗin RX 570 aka sayar maka.

Waɗannan dai suna aiki. Akwai jabu tsantsa. Ana ɗaukar tsohon kati irin GTS 450 na 2010, a sake masa rubutun ciki ta yadda zai gaya wa Windows shi GTX 1050 Ti ne mai giga 4, a sa masa sabuwar riga mai fanka biyu, a jefa a kwali. Ka jona ya kawo hoto, sunan ya fito daidai, kana ta murna, sai gem ya nemi fiye da giga 1 ɗin da yake da shi na gaske, ya rufe kansa. In ka ga shuɗin soket ɗin VGA a bayan katin da ake kira GTX 1050 Ti ko 1060, ajiye shi, domin Nvidia ta daina sa hanyar VGA a wannan zubin. In an haɗo ka da faifan CD aka ce direban ciki kawai za ka sa, kada ka sauko da na intanet, nan ma ajiye shi. Sannan akwai 'yar manhaja kyauta, GPU-Z, wadda tun 2018 take rubuta FAKE a gaban sunan irin waɗannan. Zuba ta a filash ka tafi da ita a aljihu.

To wanne za a saya? Mai siririn inji, ko babban da ba a canja wa fawa-fak ba, zaɓinsa yana cikin masu wadatuwa da wutar rami: GTX 1050 Ti na 2016, GTX 1650 na 2019, RX 6400 na 2022, da RTX 3050 mai giga 6 na 2024. Na farkon ya ci zamaninsa. Zai buga maka GTA V da PES 2021 da Valorant ba gardama, amma shi ne mafi ƙarancin abin da EA ta ce ana buƙata a FIFA 23 da FC 24, ka ga a bakin ƙofa ka tsaya. Kuma daga ƙarshen 2025 Nvidia ta daina yi wa zubinsa sabon direban gem, gyaran tsaro kawai ya rage. RX 6400 in ka ji labarinsa sai ka ce an gama, wat 53 kacal, amma layi 4 yake amfani da su a cikin 16 na ramin, kuma don PCIe 4.0 aka tsara shi. A tsohon bod mai 3.0 faɗin hanyar ya koma rabi, gem mai cin ma'ajiya sai ya riƙa sarƙewa. Ba shi kuma da sashen naɗar bidiyo, abin da zai dami mai son ɗora wasansa a TikTok ko yin editin. Ni dai in an bar ni, GTX 1650 in aljihu ya yi ƙasa, RTX 3050 mai giga 6 in da hali. Ka dai leƙa gefen katin, don wasu 1650 ɗin suna neman waya mai baki 6.

Mai babban akwati da fawa-fak na kirki, wat 450 zuwa 500, filinsa ya fi faɗi. RX 580 mai giga 8 shi ne na talaka, in ka yarda da zafinsa da cin wutarsa da shekarunsa, don tun 2017 yake, kuma AMD ta rage kula da direbansa tun 2023. GTX 1660 Super, wat 125, giga 6, ya fi shi ƙarfi da sanyi. RX 6600 shi ne iyakar inda zan raka ka: a kan i5 zubi na 3 ko na 4 ko shi ba zai saki jiki duka ba, abin da ya wuce shi kuwa ɓarnar kuɗi ne. Katunan Intel Arc suna da sauƙin kuɗi da giga mai yawa, amma ka bar su, sai da wani saiti mai suna Resizable BAR suke sakin ƙarfinsu, shi kuwa daga Intel zubi na 10 ko Ryzen 3000 kamfanin ya ce a nema. Ka tuna da monitarka ma. In 60Hz ce, hoto 60 a sakan ne iyakar abin da za ta nuna maka ko katin yana zuba 140. In kuma VGA kaɗai gare ta, sa kuɗin kwanbata daga HDMI a lissafi.

Wani kuma shawarar da ta dace da shi ita ce kada ya saya yanzu. In Core 2 Duo ce a injinka, ko tsohuwar i3 mai ƙwaya biyu, babu katin da zai raba ka da maƙalewa a sabbin gem. Mai i5-3470 zai iya hawa i7-3770 a soket ɗaya, mai i5-4570 ya hau i7-4790, hakan yakan sassauta. Amma ka san inda hanyar ta ƙare. Microsoft ta janye tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga Intel zubi na 8 take farawa. Gem irin Indiana Jones and the Great Circle na 2024 da Doom: The Dark Ages na 2025 ba sa yi da GTX ko RX 580, sai kati mai sashen lissafin haske. Don haka kada ka zuba wa tsohon inji abin da ya kusa kuɗin sabo. In za ka saki hannu, saki a kan kati da fawa-fak ɗin da za ka iya cirewa ka tafi da su inji na gaba. Kuma, ƙanena, kuɗin rajistar makaranta ba na kati ba ne, bashi ma haka. Gem ba ya ruɓewa, zai jira ka.

Kusan duk katin da na ambata na hannu za ka same shi, kuma da yawansu sun yi aikin mainin. Ba irin na danna waya da kuka yi a 2024 ba. Wannan ɗakuna ne cike da katuna suna haƙar kuɗin intanet na Ethereum dare da rana, a 2017 da kuma 2021, RX 570 da 580 na cikin waɗanda aka fi so. Ranar 15 ga Satumban 2022 Ethereum ta daina amfani da haƙa, katunan suka kwararo kasuwa. Katin mainin ba lallai ya zama matacce ba, amma fankarsa ta gaji, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwarsa da ƙarfen sanyaya ya bushe, wani ma an taɓa masa rubutun ciki har direba ya ƙi karɓarsa. Mai shago zai ce maka, "Wallahi ɗan Beljiyam ne, ko kwance shi ba a taɓa yi ba." Wataƙila gaskiyarsa ce, shi ma a sari ya same su. Kai dai ka ce, "Alhaji, a taimaka a gwada mini a nawa injin," ka kuma zo da injin a kafaɗa. Kawo hoto ba gwaji ba ne. A kunna gem mai nauyi ko manhajar gwaji FurMark na minti 20 zuwa 30, kana kallon zafi a GPU-Z. In ya haura 85 yana ci gaba da hawa, ko ka ga ɗige-ɗige da layuka masu launi, ko sikirin ya ɗauke ya dawo, a ba ka wani. Bayan an kashe, juya fankar da yatsa ka ji ko tana gurzawa. Duba kan ƙusoshin baya ko sun sha sukudireba. Duba bod ɗin ko ya yi rawaya-rawaya a tsakiya, yana iya zama an gasa shi da iska mai zafi don ya farfaɗo, irin wannan kuwa ba ya daɗewa yake komawa. A gwada kowane soket na monita. In an ba ka garanti, ko na kwana 7 ne, a rubuta a rasit tare da lambar jikin katin.

Idan ka kawo shi gida, cire tsohon direba da manhajar DDU kafin komai, musamman in daga Nvidia za ka koma AMD ko akasin haka. Zare wayar wuta daga bango, danne makunni na ɗan lokaci ragowar wutar ta fita, taɓa ƙarfen akwatin, sannan ka danna katin har ka ji ɗan maƙallin ramin ya ce ƙas. Wayar monita a jikin katin za ka sa ta, can ƙasa, ba a tsohon soket na bod ba. An sha mayar da kati mai lafiya shago ana faɗa saboda wannan kaɗai. Tun makon farko ka rubuta zafin da yake kaiwa a gem ɗin da ka saba, bayan hunturu ya wuce ka sake dubawa. In ya ƙaru da digiri 10, kada ka fara zargin mai shago, galibi ƙura ce ta toshe tsakanin ƙarafan sanyaya. Ciro shi ka fitar tsakar gida, ka danne fankar da yatsa don kada iska ta wujijjiga ta, ka hure shi da bulowa daga ɗan nesa, ka haɗa da fawa-fak ɗin ta ramukansa ba tare da ka kwance shi ba, don shi ma yana tara ta sosai.